Yadda Labbo Ya Buɗe Hanyar Duwatsu

Duk wanda ya taɓa kai kekensa faci a bakin tashar jirgin Kaura ya san Labbo. Ka kawo masa taya, cikin minti biyar ya liƙe ta, sannan ya tsare ka awa guda yana ba ka labarin yadda ya taɓa gyara wa wani Bature keke mai giya ashirin da ɗaya a Gusau. Da hannunsa ya rubuta "Injiniya" a allon rumfarsa da shuɗin fenti, kuma kaiconka in ka kuskura ka kira shi mai faci.

To a kakar bana sai abu ya same shi, matarsa Kubura ta yi yaji. Damina guda cur ɗakinta na yoyo, kullum Labbo na cewa gobe zai hau, wai shi da ya san kan ƙarfe kwanon rufi ai wasan yara ne. Ranar da ruwan ƙarshe ya sauko ya jiƙa mata katifa da garin tuwo, sai ta goya ɗiyarta ta shiga motar Zurmi. Bayan kwana goma sha biyu sai ga saƙo daga mahaifinta, Malam Sodangi mai hatsi: in Labbo na son matarsa, ya zo da ƙafarsa ranar kasuwa mai zuwa, ban da aike, ban da waya. In kasuwa ta watse ba a gan shi ba, to ya aiko mata da takardarta.

Labbo na son Kubura, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Tun da ta tafi wuyansa ya yi tsawo, tuwon saye ya gundure shi, in ya shiga gida ya ga takalmin yarinyar a bakin ƙofa sai ya ɗauka ya zauna yana jujjuya shi. Amma baki shi ke yanka wuya. Washegarin tafiyarta ya riga ya daki ƙirji a majalisa ya ce, "Ni? Biko? Macen da ta tahi da ƙafarta, ƙafar ce za ta maido ta!" Mutum sama da goma suka ji da kunnensu. Yanzu in aka gan shi cikin motar Zurmi, kafin direba ya sa giya ta biyu labari ya zaga Kaura.

Kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa daga cikin waya. Ya ga wasu Turawa a kan kekuna, jakunkuna gaba da baya, suna hawa duwatsu suna gangarowa, mako guda suna tafe don nishaɗi kawai. Nan take ya ƙwala wa maƙwabcinsa Jabiru mai walda kira.

"Jabiru, taho ka ga abin da muka yi sake da shi! Hanyar keke ta cikin duwatsu. Ni zan buɗe irinta a ƙasar ga. Daga Kaura in nausa Shinkafi, daga Shinkafi in karyo ta cikin duwatsu in sauka Zurmi."

Jabiru ya ɗaga tabaran waldarsa. "Waɗanne duwatsu?"

"Suna nan birjik. Ku da ba ku fita gari ina za ku gan su?"

"To mi ya sa hanyar ta ƙare Zurmi?"

"Taswira ce ta hwaɗi haka. Ni na aje Zurmi a wurin?"

"Awo," in ji Jabiru, ya maida tabarau. "Allah shi ba taswira haƙuri."

Ranar kasuwar Zurmi da hantsi, jama'a suka taru bakin tasha don ganin tashin Injiniya. Wallahi ganin ya biya su. Ya aro hular kwano wajen wani ɗan kabu-kabu, ya toshe ido da baƙin tabarau, sannan ga wani wando da ya tono a gwanjo, baƙi, ɗan guntu, ya kama shi ɗamau kamar an shafa masa kwalta. Tsofaffi suka kau da kai suna salati. Bayan keke kuwa ya labta tabarma, buta, risho, tukunya, famfo, ƙullin ƙuli-ƙuli, da damin jajayen tsummoki da zai riƙa ɗaurawa a bishiyoyi don masu zuwa baya su gane hanya. Can ƙarƙashin buhu, inda ba wanda ya gani, akwai turmin atamfa da ƙwaryar goro.

"Wandon ga na mata ne ko na maza?" in ji Jabiru.

"Na iska ne, jahili. Iska ba ta samun inda za ta riƙe."

"Ai kuwa kunya ma ba ta samu ba."

Labbo ya yi jawabi na minti ashirin, ya ce nan da baɗi zai riƙa shigo da mahaya talatin-talatin, har masu otal su riƙa gaishe shi da rusunawa. Ya ɗaga ƙafa zai hau, nauyin baya ya rinjayi gaba, keke ya miƙe tsaye kamar doki, Injiniya ya zauna daɓas cikin ƙasa, tukunya ta gangara ta shige ƙarƙashin wata tirela. Ya tashi ya kakkaɓe ya ce gwajin birki ne. Mutum huɗu suka riƙe masa keken ya hau, suka tura shi, ya kama hanyar Shinkafi yana tangaɗi.

Bai yi nisa ba cinyoyi suka fara magana. Rana ta ɗaga, hular kwano ta zama tanda, gumi na kwarara cikin tabarau har ba ya ganin gabansa sosai. A wata 'yar gangara ya hangi wani abu ja shimfiɗe a gefen kwalta, kafin ya tuna cewa kaka ce, mutane na shanya a bakin titi, ya riga ya afka tsakiyar barkonon wata tsohuwa, Tasalla. Taya ta zame, ya sha ƙasa, ƙurar barkono ta turnuƙe.

"La'ilaha! Wane aljani ne wanga?" Tasalla ta taso da muciya.

"Atisha! Inna, sannu... atisha! Injiniya ne, hanya nake buɗewa."

"Hanyar da gwamnati ta buɗe tun ina budurwa? Ɗan nan, ina sauran wandonka?"

"Haka aka ɗinka shi, Inna."

"To tela ya cuce ka. Duƙa ka tsince mini, ɗaya bayan ɗaya!"

Sai da ya tsince barkonon nan tas, yana atishawa yana hawaye, ya manta ya kai hannun barkono ya share ido, ya ƙara da ihu. Da ya samu ya kuɓuta ya dubi rana, ya ga ta yi nisa. In ya ce sai ya taɓo Shinkafi, kasuwar Zurmi za ta watse ta sake ci bai isa ba. Nan take ya yanke hukunci cewa Shinkafi ta koma zango na biyu, sai baɗi. Ya ɗaura jan tsumma a wata aduwa, ya saki kwalta, ya karya gabas ta wani burtali.

Burtali kuwa rairayi ne zalla. Keke ya ce bai san zancen ba, Labbo ya sauko yana turawa. Da ya fita daga rairayi ya faɗa tsidau, tayoyin biyu suka yi fuuu a tare. Ya yi murmushi, ai an zo gidansa. Ya kwance kaya ya baje, ga famfo, ga guntun roba, ga almakashi. Ya lalube buhu, ya lalube aljihu, ya tuna wandon ba shi da aljihu. Jama'a, mutumin da ya shekara ashirin yana faci ya baro sholisho, gam ɗin liƙin, a kan benci a Kaura! Haka ya zauna ya cusa wa tayoyin busasshiyar ciyawa da tsummoki, ya hau yana tafe gwaf-gwaf-gwaf, haƙoransa na haɗuwa.

Har yanzu kuma ba dutse. Gonakin gero an girbe, karare a kwance, fili fetal iyakar ganinka. Can ya hangi wani suri, gidan gara, a bayan wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye, tsawonsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Labbo ya ce Alhamdulillahi. Ya kwanta rub da ciki, ya kafa waya a ƙasa ta yadda surin zai tokare sama, ya ɗauka, ya tura wa Jabiru da rubutu: Dutse na ɗaya, hawansa sai namiji. Ba a jima ba muryar Jabiru ta shigo, ana jin majalisa na ƙyaƙyatawa a bayansa: "Injiniya, sannu da hawa! Amma akuyar da ke gefen dutsen naka ta kusa kamo shi tsawo."

Ya sake kwanciya, ya ja ciki ya zagaya bayan surin don ya kauce wa akuya, ya ɗauki hoto ya fi goma, duk rufin gidajen tungar ya fito a ciki. Bai lura da wasu mata biyu masu ɗauke da itace ba, da suka tsaya cak, suka dube shi, suka dubi juna, suka zubar da itacen suka zura da gudu.

Tungar Maje ake ce wa garin, kuma mutanenta sun sha wuya a hannun ɓarayin daji, ko kare ya yi haushin da ba su gane ba sai an leƙa. Ga shi tun ɗazu masu zuwa gona ke dawowa da labarin jajayen tsummoki a kan aduwa, a kan mararraba, a bakin mashaya. Labbo bai san wannan ba. Ya turo kekensa har bakin rijiya, ya ɗaura tsumma a jikin gwafa, ya yi wa wani dattijo sallama, ya zaro littafi da biro.

"Baba, gidaje nawa ke garin ga?"

Dattijo ya dube shi tun daga hula har wando. "Mi ya sa?"

"Lissafin masauki nake. Rijiyar ga ita kaɗai ce? Wace hanya ke shiga daji ta ɓulla duwatsu? Sannan gidan wa ya fi girma, mai shanu da hatsi, wanda zai iya ɗaukar baƙi?"

"Baƙi nawa?"

"Kamar mu talatin. Ni na riga su ne in duba hanya in sa alama. In mun zo, wallahi garin ga ba zai ƙara zama yadda yake ba!"

Dattijo ya ce yana zuwa. Tsoho ne mai sanda, amma Labbo bai taɓa ganin sauri irin nasa ba. Sai ƙofofi garam-garam, mata na kiran 'ya'yansu, wani na kora shanu ta bayan gari. Labbo ya gyara tsayuwa, a zatonsa shirin tarba ake yi. Kafin ya gama tsara jawabin godiya, 'yan sa-kai takwas sun zagaye shi da gora da adduna, babbansu Jamilu a gaba.

"Tuɓe hula!" in ji Jamilu. "Wa ya aiko ka?"

"Ni ke aiken kaina. Yawon buɗe ido nake."

"Yawon mi?"

"Buɗe ido. Mutum shi hau keke shi zaga duwatsu don jin daɗi."

Jamilu ya dubi tayoyin da ciyawa ke leƙowa, ya dubi idanun Labbo jajur da barkono, leɓe a bushe, gwiwa a ƙuje. "Wanga shi ne jin daɗin?"

Aka karɓe waya, aka ga hotunan gari daga bayan suri. Aka buɗe littafi, ga zanen rijiya da mararraba. Kalma ɗaya ce za ta fid da Labbo, ya ce biko zan je, ku duba ƙasan buhu. Ta zo masa har maƙogwaro, ya tuna majalisa, ya haɗiye ta. Ya ce a kira Jabiru a Kaura, shi zai shaide shi. Jamilu ya kira, ya sa a fili.

"Ka san wani Labbo?"

Jabiru ya ɗauka wasan ne bai ƙare ba. "Injiniya? Wa bai san shi ba! Babban ƙwaro ne, ku bi shi a hankali."

"Ya ce zai kawo mutum talatin."

"Awo, haka ya hwaɗa muna. Ya ce talatin ɗin ma somin taɓi ne."

Jamilu ya kashe waya. Da igiyar gugan rijiyar aka ɗaure Injiniya, aka cilla shi bayan akori-kura tare da kekensa da buhunan gero, aka nufi Zurmi don a miƙa shi ga hukuma. A hanya ido ya raina fata. Ya ce da Jamilu, cikin wata 'yar siririyar murya, yana da suruki a kasuwa, Malam Sodangi mai hatsi, don Allah a biya ta can. Jamilu ya san Sodangi, kowa ya san shi. Ya ce to, a biya, in ƙarya ce ta ƙaru.

La'asar sakaliya suka shiga, kasuwa ta fara kwashewa amma da sauran jama'a maƙil. Aka sauko da shi gaban rumfar hatsi, hannu a ɗaure, wando na sheƙi. Kan ka ce kwabo an yi da'ira. Direbobin Kaura da 'yan sarin gero na Kaura, duk ga su nan, kowa ya zaro waya. Malam Sodangi na zaune kan buhu da tasbaha. A bayansa, cikin hijabi, Kubura ce da ta kawo masa abinci tun azahar ta ƙi komawa gida.

"Baba Sodangi, ka san wanga?" in ji Jamilu.

Sodangi ya daɗe yana kallo. "Ina da suruki a Kaura, amma shi da riga na san shi. Tambaye shi abin da ya kawo shi."

"Ka ji. Mi ya kawo ka?"

Labbo ya dubi direbobin Kaura. Ya dubi wayoyi. "Wato... hanya ce ta duwatsu, Baba, taswira ce ta biyo da ni..."

"To ba wajena ya zo ba," in ji Sodangi, ya ci gaba da jan tasbaha. "Ku wuce da shi. Kubura, kwashe kwanoni, kasuwa ta tashi."

Kubura ta duƙa ta fara haɗa kwanoni. Ba ta dube shi ba, amma ya ga yarinyar ta leƙo daga goyo tana miƙo masa hannu. Jamilu ya ja igiya. Nan fa tsoro na gaske ya kama Labbo, ba na hukuma ba, na komawa gidan nan shi kaɗai.

"Biko na zo," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Kunnena ya tsufa," in ji Sodangi.

Wani mai tallan maganin basir da ke gefe da lasifika, ɗan albarka, ya matso ya kafa masa ita a baki.

"BIKO NA ZO! Ba wata hanya, ba wasu duwatsu, suri ne! Baba, ka yi haƙuri, laifina ne, matata nake so! Ku duba ƙasan buhu!"

Har 'yan kara masu saida dabbobi sai da suka ji. Kasuwa ta ɗauki sowa, wani direban Kaura ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Aka zazzage buhu, ga atamfa, ga goro, sai dai risho ya tsiyaye a kansu tun faɗuwar farko, duk sun sha kananzir sun ƙoshi. Jamilu ya shinshina goron, ya girgiza kai, ya kwance igiya. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya tashi gari guda tsaye don kunyar matarsa ba, kuma gobe Labbo zai koma ya ba dattijon Tungar Maje haƙuri, don har yanzu ana neman shanun da aka kora.

"To na ji," in ji Sodangi. "Amma a tsaye ake ba suruki haƙuri a Kaura?"

Labbo ya tuɓe takalmi da sauri, ya durƙusa. Wandon iska, da ya jure rairayi da barkono da igiyar guga, bai jure ladabi ba. Ƙeeet! Tun daga baya har gaba. Mata suka watse suna salati, Sodangi ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Labbo ya ƙame a durƙushe, ba damar tashi, ba damar zama.

Kubura ce ta warware zanen da ta naɗo kwanoni da shi, ta zo ta bayansa ta yafa masa. Ya miƙe ya ɗaura shi a ƙugu, mai furanni ruwan ɗorawa, idonsa a ƙasa. Ta tsaya kusa da shi, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam, daga Kaura zuwa nan ko awa guda ba a yi a mota. Tun da asuba na ɗaure kayana. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa."

Labbo ya ji kunya irin wadda lasifika ma ba ta ba shi ba. Ya gyara ɗaurin zane, ya share hanci, ya ce, "Ina kayan suke? In ɗauko in ɗaura bayan keke."

"Allah shi tsare," in ji Kubura. "Mota za mu shiga. Ni da ɗiya gaba, kai baya wajen awaki."